Jarkokin Da Na Ajiye A Ɗakinki

Zuwa ga kakata, Iya Fanna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ne jikanki Bukar kafinta. Na san ba ke za ki karanta wannan ba, ko kina raye ma sai dai a karanta miki kina tsaki. Masu bibiyata a waya ne za su gani, to su gani.

Sunan mijinki aka sa mini, shi da ya rasu tun ina cikin mahaifiyata, don haka bakinki bai taɓa furta sunana ba. Maigida kike ce mini, ni kuma in ce amarya. Ƙorafinki kullum ɗaya ne, wai kin auri miji mara cefane, mai warin fenti.

Bara da damina ta yi nisa, kogin Haɗejiya ya fara tunkuɗo ruwa cikin unguwa. Kin san tsarin gidanmu: duk abin da ake tsoron ya jiƙe, ɗakinki ake kai shi, don marigayi mijinki masunci ne, ya san halin ruwa, ya ɗaga daɓen ɗakin fiye da na kowa. Wasu suka kawo shinkafa, wasu katifa. Ni na kawo jarkokin tina, ruwan da muke tsinka fenti da shi, da gwangwanayen gam na kujeru. Murfin jarka ɗaya ya tsage, na toshe da leda na ɗaure da roba, na tura ƙarƙashin gadonki.

Kika leƙa kika ce, "Lefen nawa ke nan?"

Ga sauro, ga sanyin ruwa, don haka tagarki kullum a rufe, kin cusa tsumma a duk wata kafa. Mu da muke feshi a fili ma, in iska ta tsaya sai kai ya yi mana nauyi, mu koma gefe mu zauna. Na san wannan sarai, Iya. Hankalina ne yake kan shago.

Da ciwon kai kika fara. Sai kika sa hijabi a baibai, kika maimaita azahar, kina tsince-tsince a tabarma alhali babu komai. Gwaggo Hajara, 'yarki, ta ce gigin tsufa ne ya sallamo. Duk muka yarda, don ya fi sauƙi.

Ran nan da hantsi ina kwashe ruwa a tsakar gida, kika tsaya bakin ƙofa kika ƙwala kira: "Bukar! Ka ɗaure jirgin nan kar ruwa ya tafi da shi!"

Gida ya kece da dariya. Mata suka ɗauki guɗa, wai yau amarya ta cire kunya ta kira sunan miji. Ni da neman suna na biye musu, na ce ai jirgi na kai shi garin Guri na sayar, aure zan ƙara. Kika tsura mini ido har hawaye ya taru. Wallahi na zaci wasan ne ya kai ki. Ashe ba da ni kike ba, da mai sunan kike, kuma kin ɗauka da gaske ya sayar da jirginsa.

Matar da ta tsufa ba ta taɓa faɗin sunan nan ba, rana tsaka ta faɗe shi a gaban surukai da jikoki. Ko wannan kaɗai ya isa mu ajiye bokiti mu nemi abin hawa. Mu kuwa muka yi guɗa.

Washegari kika fita ɗaure jirgin da kanki. Santsi ya kwashe ki a zaure, ƙugunki ya karye.

A sashen gaggawa na asibiti kina ta fizge-fizge, kina ce wa nas ta kauce tana taka miki komar kamun kifi. Likitar da ta duba ki ta sunkuya, ta shinshina zanenki, ta tambaya wa ke aikin fenti a gidan. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Gigin tsufa a hankali yake zuwa. Tsohon da jiya yake garau yau ya rikice, ciwo ne, a gaggauta kawo shi." Ta ce warin nan ƙwaƙwalwa yake taɓawa, jikin tsoho kuma ba ya fitar da shi da wuri. Ta ƙara da cewa ba shi kaɗai ba ne, akwai zazzaɓi, kuma ba kya shan ruwa sosai. Na yi ta son in rataya a wannan maganar, ta ƙi ɗaukata.

Da aka yi miki ƙarin ruwa, kika shaƙi iska mai kyau, hankalinki ya riƙa zuwa yana tafiya kamar wutar lantarkin unguwarmu. Wata safiya ya zo sosai. Kika dube ni, kika gane ni. Na durƙusa, na gama shirya neman gafara a bakina, sai kika riga ni.

"Maigida, ruwa dai bai taɓa kayan naka ba ko?"

Na ce bai taɓa ba. Kika ce alhamdu lillahi, kika lumshe ido kamar an sauke miki kaya. Na haɗiye neman gafarar da na shirya. Bayan 'yan kwanaki ciwon ƙirji ya same ki a kwance, kika tafi.

Gwaggo kullum sai ta ce mini kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka, Iya, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma hannuna ne ya tura jarkar nan, bakina ne ya sayar da jirgin, kuma ina jin ciwonsa kowace rana. Bana ma ruwa ya taso, an sake cika ɗakinki da buhuna. Na shiga na zare tsummokaran nan naki, na buɗe tagar, na daɗe a tsaye.

Ki yafe mini, amaryata. Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya shigo miki da iskar Aljanna mai daɗi. Ya sada ki da wanda kika kira ran nan, ya gaya miki da bakinsa cewa jirgi yana nan a ɗaure. Amin.

Wassalam,
Maigidanki mara cefane.