Motar lafiya lau take, idon mai tuƙin ne matsalar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kwana uku ke nan ko abinci na sa a baki sai na ji kamar ƙasa nake taunawa.

Ni matar aure ce a Daura, 'ya'yanmu huɗu. Maigidana direba ne tun yana saurayi, ya ja motar haya, ya ja ta ofis har ya yi ritaya, kuma ko kaza bai taɓa takewa ba, abin da yake tinƙaho da shi ke nan a cikin dangi. Tun bara ya yi wa yara alkawarin in an yi dogon hutu zai kai mu Bauci wajen ƙanwarsa, daga nan mu leƙa Yankari su ga giwa. To ga hutu ya zo, ranar Asabar ɗin nan ce tafiyar.

Maganar shirin mota kam ba a cewa komai. Sati biyu yana zarya gareji, an yi juyen baƙin mai, an sauya filogi, an duba burki, an wanke lagireto, tayoyi huɗu sababbi fil ya sa, har safaya ya sa aka ƙara wa iska. Kowa ya ga motar sai ya ce ma sha Allah. Abin da ba wanda ya sani sai ni shi ne, mai motar ba ya gani sosai.

Wata biyar da suka wuce na raka shi asibitin ido a Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne, idon dama ya kusa tafiya gaba ɗaya, na hagun ma abin da ke gabansa sak kawai yake gani, ban da gefe. Ya ce masa ƙiri-ƙiri ya bar tuƙin doguwar hanya. Muna fitowa, tun a bakin get, ya haɗa ni da Allah kada in faɗa wa kowa, ko Hajiyarsa, ko yayansa. Ya ce ranar da aka ji a gari ya fara makancewa ranar ya gama yawo, kuma in har daga bakina ta fita to in san inda zan nufa. Na ga hawaye a idonsa, ni kuma da shegen tausayi na rantse.

Tun daga lokacin muka samo wata dabara. In za mu fita ni nake zama a gaba, ni ce idonsa na dama. Murya ƙasa-ƙasa nake cewa ga mashin nan, ga rami, ga yaro zai tsallaka, yara a baya su ɗauka hira muke. A cikin gari abin yana tafiya. Shekaranjiya da aka gama aikin motar ya ce mu gwada ta zuwa Sandamu, a hanyar dawowa na sunkuya in ɗauki wayata da ta faɗi, ɗagowar da zan yi sai ga amalanken shanu ya fito daga gona ta gefena, shi kuwa ko rage gudu bai yi ba. Ihu na kurma ya taka burki, ƙahon ɗaya daga cikin shanun sai da ya goge madubi. Innalillahi. Shi ko cewa ya yi ai ka ji burki, aikin ya yi kyau.

Da muka dawo gida na roƙe shi, na ce mu ɗauki direba ko mu shiga motar haya. Ya ce shi da ya koya wa rabin direbobin tasha tuƙi, shi za a ɗauka a baya kamar buhun gero? Na ce to a ɗaga tafiyar, ya ce ni ce mai baƙin baki, ina yi wa tafiya fatan tsiya. Daga ƙarshe ya lallashe ni, wai ba ga ki a gaba ba, ki dai buɗe ido, a hankali za mu je. Na so in yarda don ba ni da yadda zan yi.

To jiya komai ya rushe. Hajiya, mahaifiyarsa, ta aiko daga Zango cewa ita ma za ta bi mu ta ga 'yarta. Kun dai san yadda abin yake a wajenmu, uwar miji na cikin mota wace ce ni da zan zauna a gaba? Kujerar nan tata ce, ba mai buɗe baki ya ce ta koma baya, shi kansa ba zai iya ba. Ga ta da ciwon gwiwa, ga shi mota na tashi take fara gyangyaɗi da carbi a hannu. Ni zan koma can ƙurya da yara, ba abin da zan hango sai ƙeyarsa. Daura zuwa Kazaure, cunkoson Kano, tirelolin hanyar Wudil, har Ningi, da ido ɗaya wanda shi ma rabi ne. Na tuna masa wannan, ya ce Allah ne mai tsarewa, ya tashi ya fita.

Na yi tunanin in ɓoye makulli, yana da wani. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya, to tafiya zai yi da 'ya'yana ya bar ni. Mutum ɗaya yake jin maganarsa, babban yayansa da muke kira Yaya Babba, kuma in na je wajensa na karya rantsuwa, na tona asirin mijina, wataƙila aurena ya tafi. Ina son bawan Allahn nan, bai taɓa cuta mini ba, tsoro ne ke cinsa kamar yadda yake cina.

Ɗazu da hantsi matar ƙaninsa ta shigo da 'yar jakar kayan ɗiyarta mai shekara shida, wai a tafi da ita ta ga gari. Tana dariya ta ce da wani ne zai ja ba za ta bayar ba, amma tunda Yaya ne, wato maigidana, hankalinta kwance. Na karɓi jakar da hannuna, na ce Allah ya kai mu.

Malamai da ke cikin gidan nan, rantsuwa irin wannan in na karya ta mene ne a kaina? Matan aure 'yan uwana, in ku ne za ku je wajen Yaya Babba, ko akwai hanyar da zan tsayar da shi ba tare da na kunyata shi ba? Don Allah kada ku ce in yi addu'a kawai, ina yi. Kwana biyu ya rage, kuma yara biyar ne za su shiga motar nan.