Famfo Yana Jakata

Assalamu alaikum Yaya Sauda,

Ina fata kina lafiya, da Mama da yara. Ki ce wa Mama gwiwata ta warke, sai ɗan tsami idan ina hawa bene.

Na ji saƙon da Kamal ɗan Kawu ya tura gidan su Na'ima, wai na gaji a hanyar keke ta garin Hatta, na zauna ina kuka. Yanzu babanta yana tambaya ko rago zai ba 'yarsa. Ga gaskiyar. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce a gindin duwatsu, mota ba ta shiga, shi ya sa na yarda na hau, kin san tsorona da titi. A kilomita na sha ɗaya tayata ta sace. Famfona yana hannun Kamal, tun safe ya ara. Ya waiwayo ya ce, "Yalla, maza, ɗan boko, lissafa hanyar gida!" ya wuce. Awa biyu da minti goma na yi ina tura keken cikin rana, na faɗi sau ɗaya.

Ranar Asabar za mu koma. Tayar Kamal ta baya tana sacewa a hankali. Sau uku na lura, ba ta wuce kilomita sha huɗu sai iska ta ƙare. Wallahi ban taɓa ta ba, ban kuma gaya masa ba. Ruwa zan ba shi, Mama ba ta haifi mugu ba. Amma famfo yana jakata, kuma ba zai fito ba sai ya kira baban Na'ima a gabana ya faɗi gaskiya.

Allah ya bar mana ku. Ki taya ni addu'a kada ya duba tayar nan.

Ƙaninki,
Aminullahi
Al Ras, Dubai