Albarkar da Munzali Ke Jira

Tsafe, Jihar Zamfara,
Agusta, 1998.

Zuwa ga ƙanena Alhaji Abdulsalami,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ma'u da yara, Ya tsare ku daga sharrin Ikko da motocinta, Ya sa albarka a kasuwa. Mu nan Tsafe sai godiya. Damina ta zauna, gero ya fid da kai, gyaɗa ma ta rufe ƙasa. Katangar bayan gida ce dai ruwan makon jiya ya kayar, mun tare wurin da zana kafin rani. Ƙafafuna suna nan yadda ka san su, ran da suka ga dama su kai ni kasuwa, ran da ba su ga dama ba in zauna in yi ta jan carbi. Kawu Mu'azu na Bungudu ya ji sauƙi har ya koma zuwa masallaci da sandarsa, ya kuma koma faɗa da liman, ka ga ke nan lafiya ta samu.

Saƙonka ya iso. Ɗanjuma direba ya sauke mini goron da turmin atamfa, na gode, Allah Ya ƙara buɗi. Da ya gama saukewa sai ya tsaya a bakin zaure yana susar ƙeya, na ce masa ya faɗi abin da ke bakinsa kada ya shaƙe shi. Shi ne ya ce wai Alhaji ya ce a gaya wa yaron Yaya ya bar maganar tafiya ƙasar Sin, ya tattara ya zo Agege ya kama shago. Haba Abdulsalami. Magana irin wannan a bakin direba, tsakanin goro da atamfa? Ɗanka Munzali yana tsakar gida yana gyara mini murhu, a kunnensa aka faɗa. Ya ce "to", ya ƙarasa aikinsa, ya wanke hannu ya shiga ɗaki. Washegari ya ce mini shi ba zai taka jirgi ba in babu albarkar mahaifinsa, ko da kuwa zinariya ake rabawa a can. Masu ba da gurbin karatun kuma sun ce ya ba su amsa kafin watan nan ya mutu, in bai ba su ba su miƙa wa na bayansa. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, ni da rabona da rubutu mai tsawo tun muna ajin yaƙi da jahilci.

Bari in fara tuna maka abin da ka sani. Ranar da aka yaye yaron nan kai da kanka ka sa aka kawo mini shi, ka ce tunda Allah bai ba ni haihuwa ba, ga nawa, ba aro ba ne. Ni na goya shi, ni na yi jinyar ƙyandarsa, ni na sha kunya wurin maƙwabta lokacin da yake kwance rediyon mutane don ya ga masu magana a ciki. Kai kuwa ka riƙe kunyar ɗan fari kamar kai ka ƙirƙiro ta, in ka zo gida ya durƙusa gaishe ka sai ka kau da kai kana tambayar kuɗin gero. Ban taɓa ganin laifinka ba, haka muka taras ana yi. Amma al'adar da ta hana ka kallon idonsa ita ce ta ce mai riƙo ke da magana. Da ina son in yi iko, da na ce masa ya tafi, kuma duk Bungudu babu dattijon da zai ce na yi ba daidai ba. Shi ne bai yarda ba. Ni ma da na kwana da abin na ga gaskiyarsa, don ba na son ya tafi da rabin zuciya.

Kada ka ɗauka ruɗin ƙuruciya ne. Tun da ya fara aiki a masaƙa a Gusau ya manne wa wani dattijon injiniya, mutumin Sin, mai ɗan guntun Turanci da Hausar da ba ta wuce sannu da na gode ba. In inji ya lalace sai su yi ta nune-nune da hannu. Munzali ya ga abin ba zai yi ba, ya fara tambayarsa sunan kowane ƙarfe da harshensu, yau ɗaya gobe biyu. Ya dawo gida yana ta waɗansu 'yan kukan da na ɗauka aljanu ne suka shafe shi, har na nemi hayaƙi. Yanzu in dattijon yana son a fahimce shi, Munzali ake kira. Dattijon ne ya ba shi shawara ya zauna jarrabawar neman gurbin karatun nan, ya kuwa ci. Shekarar farko harshen kawai za su koya, sannan su shiga karatun injuna. Ba zan ja maka maganar nan ta neman ilimi da kowa ke ja ba, na san tun daga Tsafe har Agege an riga an cika maka kunne da ita.

Abin da na gani da idona zan gaya maka, ni mai sayar da kayan ɗakin amare. Ka duba rumfata: kwanuka, faranti, fitila, tocila, makulli, har allurar da nake ɗinki, ka juya gindin kowanne ka ga inda aka yi shi. Alhaji Ɗahiru da nake sarin kaya wurinsa a Gusau ya gaji da saye a hannun 'yan Ikko, bara ya yi ƙuru ya tafi can da kansa. Ya ɗauki tafinta, shi ya yi Hausa a ransa, ya fitar da Turancinsa na kasuwa, tafinta ya juya wa masu kamfani. Kwanukan jere ya ce a yi masa masu fure. Da kaya suka iso, fure kam ga shi nan kyakkyawa, amma a cikin kwano aka zana shi, can ƙasa inda tuwo ke zama, bayan kwanon da murfin fari fat. Su ba su cuce shi ba, a tunaninsu kwanon ci ne. Wa zai zaunar da su ya bayyana musu cewa amaryarmu ba ta cin abinci a kwanon jere, kife shi take yi a kabad don 'yan ganin ɗaki? Har yau kayan suna jibge a sito, babu uwar amaryar da ta taya. Da ya ji labarin Munzali, da ƙafarsa ya zo gidan nan ya ce in yaron ya dawo kada a ba kowa shi. Su kuwa mutanen can ba su yi barci ba. Kullum da yamma ina kama tashar rediyonsu, ka ji Basine yana Hausa tiryan-tiryan har da karin magana. Sun koyi namu, mu muna nan muna nuni da yatsa. Maƙwabciyata Dibora ma ɗanta yana Kyuba yana karatun likita da Sifaniyanci, ta yi kukanta ta share, yanzu hotonsa take nuna wa duk wanda ya shigo.

In ka ce wannan sabon abu ne, sai in tambaye ka ɗan wane ne kai. Ka manta zauren Baba a Bungudu? Ni ban manta ba. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙanshin ganyen goro da aka yayyafa wa ruwa, ina ganin buzunsa da butarsa ta ƙarfe. Bafillace ya shigo su yi Fillanci, Buzu ya sauke gishiri su yi nasu, Bayarabe ya sauka daga jirgin Gusau su kwashe da dariya mu muna leƙe ta bayan asabari ba mu san abin da ake wa dariya ba. Baba bai taɓa zama a aji ba, a hanya ya tsinci harsunan nan, kuma da su ya ciyar da gidan da ya fi mutum talatin. Yakan ce wanda ya yi ciniki da bakin wani, ribar wani ya nema. Mu kuwa abin da ya dame mu a lokacin shi ne alewar da baƙin ke zuwa da ita, da wanda zai riga wani kai musu ruwa. Ka tuna ranar da ka gaida wani Bayarabe da gaisuwar Fulani, Baba ya yi dariya har rawaninsa ya warware? Gidan nan yanzu rabinsa ya zama kango, durumin ƙofar gida ma an sare shi an kafa shagon faci.

Kuma da me kake cin abinci yau? Kai ne Hausawan Agege ke turawa gaba in za a shiga wurin masu gari, don Yarabancinka ko su sai sun tambaya ɗan wane gida ne. Ba daga sama ya faɗo maka ba. Baba ne ya ɗora ka a jirgin ƙasa kana ɗan shekara tara, ya kai ka Shagamu gidan amininsa, inda babu mai jin ko "zo in kashe ka" da Hausa. Ina tsaye a tashar Gusau ranar, ka riƙe mini gefen zane har sai da aka ɓamɓare yatsunka. Inna ba ta raka ka ba. Ta ƙulle maka dakuwa da ƙuli a tsumma, ta ce tana da daka, ta kuwa yini a bakin turmi ba ta yarda kowa ya karɓe ta ba. Da ka fara zuwa hutu Hausarka ta karkace, yaran unguwa suna kwaikwayonka, ni ce na bi su da muciya har bakin kasuwa. Na sha duka wurin Baba a kan haka, ban kuma yi nadama ba.

To, yanzu bari in zo inda ba ka son a zo. Na san ba shago ne damuwarka ba, yaran shago kana da su har sun yi maka yawa. Ba kuma tsoron ya bar salla kake ba, ka san tarbiyyar da na yi masa. Shekarar sanƙarau ce ke cinka. Inna ta kwanta da zafin bazara, kwana kaɗan Allah Ya karɓi abinsa, kafin waya ta isa Shagamu a sa ka a jirgi har an yi sadakar bakwai. Ka sauka da tsarabar da ka sayo mata da kuɗin dakonka, Kawu Mu'azu ya kama hannunka ya wuce da kai maƙabarta. Tun ranar ban ƙara jin ka ambaci Shagamu da daɗi ba, kuma ko da Baba ya tsufa ba ka taɓa zama kun yi hira mai tsawo ba. Ina kallonka duk shekarun nan, ban ce komai ba don ciwon naka ne. Amma yanzu kana neman ka ɗora shi a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ni ina wurin lokacin da Inna ke jinya, kai ba ka nan. Mata sun ce a aika a ɗauko ka, ta ce a bar yaro ya gama abin da ya kai shi, ita ba ta haife ka don ka zauna gadinta ba. Na gaya maka wannan tun muna yara ka toshe kunne, yau ga shi na rubuta.

Kana lissafin shekaruna da ciwon ƙafata, kana ganin shekara biyar ba kwana biyar ba ce, kana tsoron ya dawo ya tarar da abin da ka tarar. Ni ma na yi wannan lissafin kafin kai. Kada ka zaci daɗi nake ji. Tun rasuwar maigidana Malam, motsin yaron nan ne kaɗai ke sa gidan ya zama gida, in ya tafi ban san da wa zan yi faɗa a kan gishirin miya ba. Wallahi ina son ya zauna fiye da yadda kake so. Amma in ka kai shi Agege ma ai ba ya gabana, ka raba ni da shi ke nan kuma ka raba shi da rabonsa, ba wan ba ƙanen. In tafiyar tasa ta zo daidai da tawa, kabarin nawa ne, Abdulsalami, ni kuma na yarda. Rai a hannun Allah yake, ana barin na kwance a ɗauki na tsaye, wa ya sani ko ni zan tarbe shi in ji ya gaishe ni da kukan aljanun nan nasa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kada ka aiko Ɗanjuma, kada ka rubuto mini in karanta masa. Ranar Juma'ar ƙarshen wata zan sa shi ya je gidan Alhaji Ɗahiru a Gusau bayan an sauko daga masallaci, akwai tarho a can, lambar tana bayan takardar nan. Ka buga ka yi masa magana da bakinka. In kunya ta kama ka, ai ba ya ganin fuskarka.

Ka gaida Ma'u da kyau, ka ce mata atamfar ta yi, idonta ne na gani a zaɓen ba naka ba. Ka gaida Rukayya da ƙannenta, a ce mata Goggo tana jiran hoton da ta yi alkawari. Kawu Mu'azu yana gaishe ka, ya ce ka kwana biyu ba ka tako Bungudu ba kuma shi ba ƙaramin yaro ba ne da zai yi ta jira. Habiba da mijinta na 'Yandoto suna gaisuwa, Dibora ma ta ce a gaida Alhajin Ikko. Munzali bai san na rubuta ba.

Ni tawa albarkar na riga na sa masa. Jiya bayan la'asar na zaunar da shi na ce na yafe masa duniya da lahira, abin da ya yi da wanda bai yi ba, har da rashin zuwa jana'izata in haka Allah Ya rubuta, don kada ya ɗauki kayan da ka kwashe shekara arba'in kana ɗauke da su. Ya yi kuka, na kore shi ya je ya ɗebo mini ruwa. Taka ce ta rage.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Safiyatu.