Ruwa Ya Bar Mana Inna

Garwa, daren Laraba, cikin Satumba

Da hantsi ina bakin aiki a masana'antar man auduga, Hamadu direba ya shigo ya ce madatsar ruwan ƙauyenmu ta sake fashewa. Fashewar farko, a shekarun baya, ita ce ta ci Yaya Sale da rabin layinmu. Na yi ta kiran Inna, wayarta a kashe. Na ruga tasha, aka ce hanya ta yanke.

Bayan la'asar na dawo unguwarmu ina kuka, sai ga ta zaune a ƙofar ɗakina, zaninta duk laka.

"Inna! Ta ina kika biyo?"

"Kwalekwale mana. Tun jiya na ga bangon madatsar yana tsattsafo, na bi gida-gida. Wannan karon sun ji maganata, a kan tudu muka kwana. Ke, ba abinci ne a gidan nan?"

Gidanmu ya tafi, gonar ma haka, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Alhamdulillahi. Ga ta nan ta cinye katifata tana minshari, kuma ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.