Gafara Ba Ta Shiga Ambulan

Dutse, 3 ga Maris, 1927

Zuwa ga ƙanena Ashafa, katikis mai koyar da addinin Kirista a Sabon Garin Kano,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Shekara shida da wata huɗu ke nan rabona da gida Lakwaja. Ina nan ina yi wa Baturen rangadi kuku, sai dai tarin nan ya fara zuwa da jini. Ka san ba a barin Fada, limamin cocinmu, ya shigo ƙasar nan, ni kuwa ba na son in mutu da kayana a ka.

Na ji Bishop zai sauka wajenku. Shi ya ɗauke mini zuwa coci ran Lahadi, shi ya ɗauke mini azumi saboda aiki. To, ga zunubaina na rubuta a ƙaramar ambulan, na liƙe da ƙaro. Miƙa masa hannu da hannu, ya sa mini gafara ya aiko. Kada ka buɗe.

Ka huta lafiya. Yayanka, Ɗanmusa.

Kano, 20 ga Afrilu

Yaya Ɗanmusa,

Ina gaisuwa da ladabi, Allah ya ƙara sauƙi. Bishop ko taɓa takardar bai yi ba. Ya ce azumi da zuwa coci yana da ikon sassautawa, amma furta zunubi sai baki da kunne. Ba shi ya ɗaure ba, ba shi zai kwance ba. Ya ce ka zo da kanka. Sabon Fadan da ke nan Kano ba ya jin Hausa, amma an yarda a sa tafinta, shi ma bakinsa a ɗaure yake har kabari.

Yaya, na buɗe. Nufina in juya ta da Turanci kafin ya iso. Da na ga ka cire gicciyen rosarinka ka mai da shi carbi, kana bin sahun masallaci don ka samu masu binne ka, abin ya fi ƙarfina. Na gaya wa matata Alheri don mu taya ka addu'a. Ban san za ta aika gida ba.

Ka yafe mini. Ƙanenka, Ashafa.

Dutse, 9 ga Mayu

Malam Ashafa,

Gaisuwa. Wasiƙar matata Zinariya ta riga taka isowa. Tana tambaya ko har yanzu da aure tsakaninmu, don mata sun daina zama kusa da ita a coci.

Ban ga laifin Bishop ba. Ya nuna mini iyakar gonarsa, bai leƙa tawa ba. Mai gidan da nake haya, Malam Sharhabilu, tun shekara uku da suka wuce ya ƙirga carbina ya ga hamsin ne da 'yan kai, ba irin na Musulmi ba, amma ko matarsa bai gaya wa ba. Jiya cewa ya yi in ajalin ya same ni a nan, ba zai bar ni ga ungulu ba, in daina wahalar da kaina.

Zan zo da ƙafa. Kai za ka yi mini tafinta, tunda ka riga ka haddace. Za ka zauna ka ji daga bakina, har da yadda na tsane ka makon nan, ka faɗa wa Fada da naka bakin, sannan ka yi shiru.

Kano kwana huɗu ce ga mai lafiya. Abin da na iya tarawa: hutun kwana tara, garin gero mudu uku, da gicciyen, ban yar ba.

Ka huta lafiya. Ɗanmusa.