Farin Zoɓo Ba Sirki

Laraba da dare, Tambuwal

Leburorin kamfanin hanya sun maido mini da zoɓona yau. Wai ya yi fari, na cika mishi ruwa. Farin zoɓon gonarmu na fa, ko kaɗan ban sirka ba.

Na ɗebo cikin randa na kai ma Gwaggo Hassi, ita da ta koya mini. Ta shinshina, ta kurɓa. Tsami ya kama ta, citta ta biyo baya, har ta yi tari da hawaye.

"Ɗiyata, wanga ya fi ƙarfin yaro," in ji ta. "Amma zuba ja kaɗan, idonsu shi gani."

Ba ni zubawa. Gobe da ludayi za ni. Duk wanda ya ce ruwa na, shi kurɓa gabana.