Jijiyar da Ke Bayan Maƙoshin Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Daga bencin asibiti nake rubuto maka, bayana har ya ƙage.

An ɗage aikin Baba. Ka san an ce za a cire ciwon dajin da ke bututun abincinsa ta 'yan ƙananan huji, da kyamara, ba sai an tsaga ƙirji ba. To, hoton jiya ya nuna wata babbar jijiyar jini ta ratsa ta bayan bututun, inda ba wurinta ba. Da ita aka haife shi. Likita ta ce in ƙarfe ya taɓa ta, da wuya a tsayar da jinin ta ƙaramin huji, kuma jikinsa ba zai ɗauki babban yanka ba.

Shi dai dariya ya yi, wai ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara famfon mutane, ashe nasa ne a karkace. Ni ko murmushi ya gagare ni.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso. Allah ya ba shi lafiya. Hutu ya ƙi samuwa a wurin aiki, balle in zo. Abin da ya tsaya min a rai: kuna gida ɗaya, ta yaya abinci ya daina wuce masa ba ku lura ba?

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Wa zai lura? Tun muna yara shi ne ƙarshen tashi daga abinci, loma ɗaya kurɓin ruwa ɗaya, Mama tsaye a kansa tana jiran kwano, mu muna ta yi masa tsiya. Likita ta ce jijiyar ce ke matse masa maƙoshi tun can. Da dajin ya zo, sai muka ce halin Baba ne.

Likitar ta canza shiri, za ta shiga ta inda za ta riƙa ganin jijiyar. Gobe ne aikin. Na gaji, Yaya, kuma ina jin tsoro.

Ƙanwarka.

Yaya,

Gaisuwa. Baba ya fito daga tiyata, jijiyar ba ta fashe ba. Yau aka yarda ya sha shayi. Rabin kofi ne, har ya huce bai gama ba. Mama ta miƙa hannu za ta ɗauke, sai ta janye, ta jawo kujera ta zauna.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka.